Takardar Lokotoron Ido

Ranar Talata, tun kafin ƙarfe takwas, Zaliha ta kama layi a ƙofar gidan likita na Babankatami. Babu abin da ke mata ciwo. Ta zo ne ta ga da idonta yadda ake ba da takarda.

Mutum goma sha huɗu ne a gabanta. Na uku a cikinsu Ɗayyabu maƙeri ne, kumatunsa a kumbure, ya ɗaure haɓa da rawani. Ya shiga, bai yi minti biyar ba ya fito riƙe da farar takarda mai hatimi, wadda za ta kai shi wurin mai cire haƙori a Tawa.

"Bakina kawai yad duba, yar rubuta," in ji shi ga mutanen layi.

Zaliha ta ji, ta riƙe maganar.

Sati uku ke nan da aka yi shela cewa lokotoron ido, wato babban likita mai aikin ido, zai sauka Buza ranar Alhamis ta wannan makon, na yini ɗaya tak, kuma ba zai ga kowa ba sai mai takarda daga ma'aikacin likitan garinsu. A Babankatami ma'aikacin ɗaya ne, Halidu. Ya riga ya ba tsofaffi tara takarda. Mahaifinta, Malam Iro, wanda karan dawa ya kashe masa idon hagu tun da daɗewa, yanar ido kuma ta rufe na dama bana, shi bai samu ba.

Kowa a garin ya san abin da ke tsakaninsu. Bara Halidu ya aiko baffanninsa da goro neman Zaliha, Malam Iro ya mayar da goron tun bai kwana ba. Dalilinsa ɗaya: kakan Halidu, tsoho Arzika, shi ne ke yanka wa dutsen bayan gari baƙin akuya kafin faɗuwar damina, kuma sai da ya yi furfura ya fara salla.

Halidu bai janye ba. A garin nan rashin janyewa yana da alama, ita ce kunyar suruki. In ya hango Malam Iro sai ya sake hanya. In zai wuce zaurensa sai ya tuɓe takalmi. Ba ya kallon fuskarsa, ba ya kama sunansa. Shi kuwa Malam Iro, don kada wani ya yi zaton ya karɓi wannan kunya, duk inda ya ji muryar saurayin sai ya ɗaga tasa ya ce, "Halidu, jikan Arzika, kai na?"

Ƙarfe tara da rabi layi ya kawo kanta.

Halidu yana zaune bayan tebur cikin farar rigar aiki. A kusurwa Dela ungozoma tana dafa allurai a kan resho. Ya ɗago kai, ya ga ko wace ce, ya ajiye biro.

"Mi ka damunki?"

"Minti biyat Ɗayyabu yay yi nan ciki," ta ce. "Na lura. Babana sati ukku shina jira."

"Zamna, Zaliha."

"Ba zama ya kawo ni ba."

Ya jawo takarda ɗaya daga cikin waɗanda ba a cika ba, ya juya ta wajenta. Ta yi lakwal, makarantar boko, har aji shida, tana iya karantawa.

"Dubi layin ga. Sunan maras lahiya, sai na tambaye shi da bakina, na maimaita mai. Wanga kuma, sai na buɗe idon da yatsana, na haska hitila ciki, na ga ko ƙwayar tana motsi. Sannan in sa hannu. Ki gaya mani yadda zan yi hakan ga mutumen da ba ni kallon huskarshi."

"Ka aiko wani."

"Sau biyu na rubuta ma majo, babbanmu na Buza, shi aiko wani. Ba amsa."

"Ni na ba direba wasiƙun da hannuna," in ji Dela, ba ta juyo ba.

Zaliha ta dubi bayan Dela. Dela ƙanwar uwar Halidu ce. Shaidarta ba ta ƙara komai ba.

"To rubuta hakanan. Wa za ya sani?"

"Mutum goma anka ba garinmu. In na tura idon da ya mutu daga ciki, na toshe ma wani mai rabo hanya. Ba ni sa hannu bisa abin da ban gani ba."

"Ka san abin da aka hwaɗi cikin gari?"

"Na sani."

"An ce ka riƙe takardar na sai Baba ya ba ka ni. An ce jira kakai shi makance sarai, shi zo da sanda shina roƙonka."

"Ke ma haka kika zato?"



"Ban san abin da nika zato ba. Tara na gani sun samu. Shi ɗaya na gani bai samu ba."

Halidu ya gyara takardun gabansa, ya daidaita bakinsu da gefen tebur, ko da yake dama a daidaice suke.

"Gobe da sahe Surajo za ya kawo mai ido daga kasuwar Bangi," in ji ta. "Baba ya yarda."

Hannunsa ya tsaya.

Surajo shi ne mai kamyo, babbar mota ɗaya tilo a garin, yana jigilar albasa zuwa Madawa. Ɗan aminin Malam Iro ne, kuma tun da aka mayar da goron Halidu, ba a rana uku bai zauna a zauren ba.

"Mai tsinke?" in ji Halidu.

"Awo."

"Cikin shekara biyu mutum bakwai sunka zo mani bayan aikin irinsu. Tura yanar sukai cikin ido, mutum shi ga haske sati biyu ko wata guda, a yi ta murna. Biyat daga cikin bakwai, idon ya ruɓe. Baba ido guda garai."

"Shi ya sa niz zo."

"Kin san abin da kika tambayata? In na shiga zauren can da rigar ga, na kama sunanshi gaban mutane, na sa yatsana ga huskarshi, kowa ya shaida na janye. Kahin Juma'a goron Surajo ya shiga gidanku."

"Na sani."

Ya dube ta sosai, irin kallon da yake yi wa wanda ya ce masa ya sha magani alhali bai sha ba.

"Zaliha, wa ya aiko ki?"

"Mi kac ce?"

"Shekara guda Surajo na neman hanyar da zan janye da kaina. Yau ga hanya ta zo, kuma ke kika kawo ta."

Dela ta rage wutar resho.

Hawaye ya zubo wa Zaliha, ba ta share ba, muryarta kuma ba ta canza ba.

"Shekara guda ina shan magana gida saboda kai. Inna ta bar aikena kasuwa don kada in bi ta nan. Ƙawayena duka sun yi aure. Ban taɓa ce ma ka janye ba. Amma jiya Baba ya sa hannu cikin tukunyar kunu mai zahi don bai gan ta ba, kuma bai yi ƙara ba don kada mu sani. Shi ya aiko ni, in kana son suna."

Ta gyara mayafi.

"In Surajo nika so, ba sai na bi ta gidan likita ba. Ƙohwar gidanmu shike kullum."

Ta fita. Mai bi mata a layi, wata mata da jariri, ta riga ta kutsa kai.

* * *

Da ta isa gida rana ta take. Kamyon Surajo yana ƙarƙashin itacen bedi, warin albasa ya cika ƙofar gida. Ta bi ta ƙaramar ƙofa, ta tsaya bayan zanar da ta raba zaure da tsakar gida.

"Baba, ni na gani da idona," Surajo ke magana. "Kawuna na Bangi shekara huɗu ana jan shi da sanda. Mutumen ga ya taɓa shi da hantsi, da azahar ya gane jikokinshi. Ba takarda, ba layi, ba wanda za ka roƙa."

"Kawun naka har yanzu shina gani?" in ji Malam Iro.

"Ya rasu bara. Amma ya gani kahin shi rasu."

Zaliha ta saurari muryar da kyau. Ba ta ji ƙarya a cikinta ba. Surajo ya yarda da abin da yake faɗi, kuma wannan ya fi tsoratar da ita.

"Su kuwa na Buza," ya ci gaba, "ko ka samu takardar, an ce wuƙa suka sawa. Kuma wa ya san abin da yaron can za ya rubuta ciki da Hwaransanci? Kai ba ka karantawa, ni ban karantawa."

"Shi na dai," in ji tsohon.

Mahaifiyarta, Rabi, ta taɓa kafaɗarta daga baya, ta ja ta zuwa gindin rumbu.

"Ina kika tahi?"

"Gidan likita."

"Ya ba ki?"

"A'a."

"Na gaya miki." Rabi ta rage murya. "Ko maganin shahwawar da ya aiko da Dela wancan wata, kin san inda shike? Babanki ya sa na bizne shi cikin toka nan bayan rumbu. Cewa yay yi abin da ya hito hannun jikan Arzika ba ya shiga idonshi. Wai in ya shahwa, da shi buɗe ido Halidu za ya gani, shi ji ya kwanta mai a rai."

"Inna, ke kin yarda da hakan?"

"Ni ban ce ba. Amma ke ma ai ban san mi yab ba ki ba, da kika ƙi kowa."

Daga zaure muryar Malam Iro ta taso.

"Zaliha."

Ta je ta durƙusa a bakin zana. Yana zaune a kan buzu, yatsunsa biyu na dama naɗe da tsumma. Idon da yanar ta rufe fari ne kamar an ɗiga nono.

"Ga ni, Baba."

Ya ɗaga hanci.

"Warin likita nika ji ga zanenki."

"Can nit tahi."

"Roƙonshi kinka yi?"

"Tambayarshi niy yi."

"Yac ce mi?"

"Yac ce ba ya rubuta abin da bai gani ba."

Surajo ya yi gajeriyar dariya. Malam Iro bai yi ba. Ya juya maganar a bakinsa kamar mai tauna goro.

"Ba ya rubuta abin da bai gani ba," ya maimaita. "To, ba za ya gani ba. Tashi ki shiga."

* * *

Bayan la'asar tsofaffin unguwa huɗu suka taru a zauren kamar kullum. Surajo yana nan bai tafi ba. Zaliha tana tankaɗe a tsakar gida lokacin da hirar zauren ta yanke gaba ɗaya.

Ta ajiye rariya, ta je bayan zana, ta leƙa.

Halidu ne tsaye a bakin zaure. Yana sanye da farar rigar aiki, jakar fata a kafaɗa. Takalminsa na ƙafarsa. Ya yi sallama, ya tako har tsakiyar tabarma da su.

Tsofaffin suka dubi takalmin, suka dubi juna.

"Wa na?" in ji Malam Iro.

"Ma'aikacin likita na."

"Halidu, jikan Arzika. Ban ji ka tsaya ƙohwa ba."

"Ban tsaya ba."

Ya durƙusa gaban tsohon, kusa har gwiwarsu ta kusa haɗuwa. Ya ɗauki butar alwala, ya fito da sabulu daga jaka, ya wanke hannu a hankali inda kowa zai gani. Sannan ya zaro takarda da biro.

"Sunanka?"

Ɗaya daga cikin tsofaffin ya yi tari. Surajo ya gyara zama.

"Ba ka san sunana ba?"

"Aiki ya ce in tambaya."

"Iro. Iro ɗan Hamidu."

"Iro Hamidu," in ji Halidu, da murya sarai, yana rubutawa.

A bayan zana Zaliha ta danne bakinta da gefen mayafi. Shekara guda ba ta taɓa jin sunan nan daga bakinsa ba. Rabi ta zo ta tsaya kusa da ita.

"Ɗaga kanka, Malam Iro."

Tsohon bai ɗaga ba.

"Mi ka shahwa ga yatsanka?"

"Sabuni. Ga shi, sunsuna."

Ya miƙa hannu. Malam Iro ya kama wuyan hannun, ya kai hanci, ya sunsuni yatsun ɗaya bayan ɗaya. Bai saki da wuri ba.

"Baba, ba dole ba ne," in ji Surajo. "Gobe da sahe mutumenmu na tahe."

"Bari in ji abin da za ya ce. Jin ba ya kashe ido."

Malam Iro ya ɗaga kai.

Halidu ya sa babban yatsa ya ɗaga fatar idon dama. Ya kunna fitilar hannu, ya kai ta gefe.

"Ina haske shike?"

"Nan." Tsohon ya nuna dama.

"Yanzu hwa?"

"Bisa."

"Yanzu?"

"Ka kashe ta."

"Na kashe ta."

Ya sake kunnawa, ya matso har numfashinsa na taɓa gemun tsohon, ya kalli cikin idon na tsawon lokaci. Ya ce ya rufe, ya danna fatar a hankali da yatsu biyu. Sannan ya ja da baya.

"Yanar ido ta, kuma ta nuna. Idon da ranshi. In anka cire ta Buza, anka ba ka tabarau, za ka ga gonarka bana, in Allah ya so. In anka tura ta ciki da tsinke, ban iya ce ma komi."

"Wuƙa suka sawa?"

"Awo. Ƙarama. Kuma za ka kwana can kwana biyat."

"Ba ka ɓoye ba."

"Ka tambaye ni."

Ya cika sauran layukan, ya sa hannu, ya ɗora takardar a gwiwa ya buga hatimi. Ya ajiye ta a tafin Malam Iro.

Tsohon ya shafa ta da yatsun da ba su ƙone ba.

"Ka kama sunana gaban mutanen ga," in ji shi. "Ka taka tabarmata da takalmi. Ka dubi cikin idona. Ka san ma'anarshi?"

"Na sani."

"Sati ukku ka hana ni ita. Yau don mi?"

"Sati ukku ina neman hanyar da zan ba ka ita ban rasa komi ba. Ban samu ba. Alhamis ƙarhe bakwai za su hwara. Kada ka ci komi da sahen."

Ya mayar da fitila da sabulu cikin jaka, ya miƙe, ya yi wa tsofaffin sallama. Bai dubi zana ba, ko da yake ya san wadda ke bayanta. Aka ji takunsa yana nisa a kan tsakuwa.

"Shi ke nan, yaro ya janye," in ji ɗaya daga cikin tsofaffin. "Mun shaida."

Rabi ta riƙe hannun ɗiyarta. Zaliha tana kuka, amma ba sauti.

Surajo ya matso, fuskarsa a sake.

"Baba, kawo in aje maka, kada ta ɓace."

"A'a. Zaliha, zo ki karanta mani. Duka, kada ki tsallake ko layi guda."

Ta share fuska, ta shigo, ta karɓa. Ta karanta da Faransanci, tana mayarwa da Hausa. Suna, gari, ido na dama, yana, ƙwaya tana motsi, a yi aiki. Sa hannu da hatimi.

"Ba wani abu?"

"Babu, Baba."

"Ba sunanki ciki?"

"Babu."

"Juya bayanta."

"Hwari na, ba rubutu."

Malam Iro ya gyaɗa kai. Ya kai hannu ya taɓa fatar idonsa, daidai inda yatsan ya taɓa.

"Hannunshi rawa shikai," ya ce, ba da kowa ba. "Muryarshi ba ta yi ba, amma hannun ya yi."



"Rabi."

"Malam."

"Maganin da kinka bizne bayan rumbu, ki tono shi. Ki aika a tambayi..." Ya tsaya. Ya gyara rawani, ya jawo gefensa ya rufe baki. "A tambaya ko shina da amhwani har yanzu."

"A tambayi wa?" in ji Rabi daga bayan zana.

"Kin san wa."

"Dela?"

"Ba Dela ba. Wancan. Na gidan likita."

Tsohon da ya ce sun shaida ya buɗe baki, ya rufe. Shekara guda suna jin Malam Iro yana kiran sunan nan da ƙarfi a kan hanya da ƙofar masallaci. Yau ya ƙi kama shi, kamar yadda suruki ke yi. Zaliha ta dubi mahaifinta. Ya juya fuskarsa wajen bango, ba za a iya karanta komai a kanta ba.

Surajo ma ya ji. Ya dubi tsohon, ya dubi takardar da ke hannun Zaliha, ya dube ta. Ya miƙe a hankali, ya kaɗe rigarsa.

"Mai idon hwa, Baba? Na riga na yi mai magana."

"Ka ba shi haƙuri."

Surajo ya sa takalminsa a bakin zaure. Ya tsaya yana juya makullin mota a yatsa.

"Kamyona ba ya zuwa Buza ranar Alhamis," ya ce. "Madawa za ni, kuma ba ni komowa sai Asabar."

Babu wata mota a Babankatami. Zaliha ta ninke takardar biyu, ta ƙulle ta a bakin zane.

Malam Iro bai juyo ba.

"Allah shi kiyaye hanya," in ji shi. "Rabi, a ba jakin nan dussa da yawa yau. Gobe da hantsi za mu kama hanya."